Shekara guda a mako guda: tafiyata Ƙasa Mai Tsarki

Duk wanda ya san sana'ar ɗinki ya san ba a tarar tela da zancen tafiya a ƙarshen Nuwamba. Lokacin ne atamfofi da lesuka da shaddodin Kirsimeti suke cika shago har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa, kowace mai kaya kuma tana rantsuwa nata ya fi gaggawa. Amma 'ya'yana sun riga sun haɗa kuɗi sun biya ba da sanina ba. Babbansu ya zo ya ajiye takarda a kan keken ɗinki ya ce, "Mama, shekara biyu ke nan da rasuwar Baba, ba ki ɗaga kai daga keken nan ba. Ki je ki huta." Na ce, yaushe Urushalima ta zama wurin hutu? Ya ce, "To ki je ki gaji, amma gajiya ta dabam."

Sama da shekara 20 ni ke kula da zannuwan bagadi a cocinmu a Kaduna. Ni na ɗinka su, ni ke wanki da guga, ni ke canza su. Shunayya a Adbent da Azumi, fari a Kirsimeti da Ista, ja ran Lahadin Dabino da Juma'ar mutuwar Ubangiji da Fentikos, ranar saukar Ruhu Mai Tsarki, da ranakun shahidai, kore a sauran makonnin da ba biki ba azumi. Ko tsakar dare aka tashe ni aka tambaye ni launin gobe, ba zan yi inda-inda ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, kalandar Ikilisiya ta daɗe da zame mini jadawalin guga. Adbent kuwa, makonni huɗun da ake cewa na jiran Kirsimeti ne, ni ban san shi ba. Tela ba ya jira a Disamba, shi ake jira.

Ba haka na taso ba. Mahaifina katikis ne, wato malamin coci, a wani ƙauye kusa da Malumfashi, inda Fada yake zuwa a kan babur sau ɗaya a wata, wani lokaci ma sai a yi wata biyu. Shi Baba da gona yake lissafin shekarar coci. In hunturu ya buso ana sussukar dawa, Adbent ke nan. In zafin bazara ya kai har kaji suna buɗe baki, ana tsakiyar Azumi. Ista kuwa sai ya fito tsakar gida ya dubi wata, don ƙa'idar ita ce Lahadi ta farko bayan cikar watan da ta faɗo ran 21 ga Maris ko bayanta. Fentikos ta zo daidai shuka, sannan a shimfiɗa koren zane a bagadi, gona ma ta shimfiɗa nata.

Ran Lahadi 24 ga Nuwamba 2019 muka yi bikin Kristi Sarki, Lahadin ƙarshe a shekarar coci. A Najeriya ran nan ake zagaya gari da Jikin Ubangiji, saboda asalin ranar zagayen tana faɗowa cikin damina. Na dawo ƙafafuna duk ƙura, na damƙa wa yarinyar da nake koya wa ɗinki makullin akwatin zannuwa, ran Talata muka tashi daga Abuja, mu wajen arba'in tare da Fada ɗaya.

Nazarat muka fara. Babbar cocin da ke can, wadda aka keɓe a 1969, hawa biyu ce, a ƙasa kuma akwai ɗan kogon da ake cewa nan ne mala'ika Jibra'ilu ya zo wa Maryamu. A gaban bagadin kogon akwai rubutu da Latin. Fada ya fassara mana, ya ce ayar da muka sani ce ta Kalma ya zama mutum, amma an ƙara mata kalma guda: "a nan". Wannan 'yar kalma ita ta bi mu duk tafiyar. Jagoranmu, wani Balaraben Kirista mai saurin magana da saurin ƙafa, ya ce a wuraren nan an ba da izini a yi Mas ɗin wurin kowace rana aka zo. Wato ran Laraba 27 ga Nuwamba muka yi karatun 25 ga Maris, ranar bikin zuwan mala'ikan. Raina ya ɗan sosu, irin na wanda ya ga an ɗinka hannun riga a baibai, amma na yi shiru.

A Kana ma'aurata suka fito gaba suna sabunta alkawarin aure, ana tafi ana guɗa. Na ja baya na tsaya jikin bango. Can na tarar da wata dattijuwa daga Pankshin, ita ma mijinta ya rasu, da sandarta da ɗankwalin Zumuntar Mata. Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, mu namu alkawarin mun cika shi har ƙarshe, ba ya bukatar sabuntawa." Tun daga nan nake ce mata Yaya, kuma tare muka riƙa zama a bas.

Washegari Tekun Galili, wanda a gaskiya tafki ne. Masu jirgin ruwa suka ɗaga tutar Najeriya suka sa taken ƙasa, maza suka ƙame kamar sojoji. A bakin ruwa, wurin da Yesu ya gasa wa almajiransa kifi bayan ya tashi, muka yi karatun Ista, muka rera Halleluya. Da rana aka kawo mana abin da suke kira kifin Bitrus, ashe karfasa ce. Da la'asar ƙananan motoci suka hau da mu Dutsen Tabor ta wata hanya mai lanƙwasa kamar maciji, muka yi bikin 6 ga Agusta, na sākewar kamannin Yesu a kan dutse. Da safe Ista, da yamma Agusta. Kaina ya fara juyawa, ba kuma don hanyar kaɗai ba.

Ran Juma'a muka gangara kudu. Kogin Urdun, a wurin da aka kai mu, ruwa ne ja-ja, siriri, kogin Kaduna ya ninka shi sau da yawa, sojan Urdun yana tsallake har ana ganin fuskarsa. Daga nan sai Yariko, gari mai dabino wanda ya fi mita 200 ƙasa da doron teku. A bayansa akwai wani tsauni fako, ba ko ciyawa, da gidan sufayen Girkawa manne a jikinsa kamar sheƙar zanzaro. Nan ake cewa Yesu ya yi azumin kwana arba'in. Jagora ya ba mu minti goma mu ɗauki hoto, sannan ya kai mu gidan abinci mai kallon tsaunin, inda kowa ke ɗiba da kansa. Sai da na kai cinyar kaza ta biyu na tuna ranar Juma'a ce. Na tuna Baba. A ƙauye nama ina muka gan shi balle mu ƙaurace masa, don haka shi goro yake bari. Kwana arba'in bakinsa fari fat, ransa a ɓace, mu yara muna lallaɓawa. Shi bai taɓa ganin tsaunin nan ba, amma ya fi ni sanin tsawonsa.

A Baitalami aka sauke mu, bayan mun wuce shingen bincike da wata doguwar katangar kankare mai tsaga gari. Asabar 30 ga Nuwamba tun da asuba na buga wa yarinyata waya. Na ce yau ranar manzo Andarawas ce, ki sa ja da safe, da yamma ki cire ki sa shunayya, kada ki manta Adbent da faɗuwar rana yake shiga. Ta ce, "Mama, kina Baitalami kina tunanin zane?" Ban sami amsa ba.

Da safe aka kai mu filin makiyaya a Bait Sahur. Fada ya sa farar riga, muka yi Mas ɗin Kirsimeti a cikin kogo mai baƙin hayaƙi a rufi, muka rera waƙoƙin haihuwa da Hausa, matan Zumunta har da rawa. Daɗi ya yi daɗi. Amma a raina ji nake kamar an ɗaura aure ba a kai gaisuwa ba, ba a yi baiko ba, ba a sa rana ba.

Da muka iso dandalin da ke gaban Cocin Haihuwa sai muka tarar gari ya cika. Yara 'yan sikawut da ganguna da wata algaita mai jaka suna fareti, sufaye masu riga ruwan ƙasa da igiya a ƙugu sun yi layi. Waɗannan su ne 'yan ɗarikar Faransis na Asisi, waɗanda Fafaroma ya danƙa wa kula da wurare masu tsarki tun 1342. Kowace shekara shugabansu yana shiga Baitalami da biki a jajiberin Adbent, amma bana da ƙari. Fafaroma Faransis ya aiko da wani guntun itace daga komin da ake riƙe da shi a Roma a matsayin wanda aka kwantar da jariri Yesu a ciki, kuma ranar aka kawo shi cocin Katarina mai tsarki da ke manne da Cocin Haihuwa. Na yi ɗage na hango shi cikin wani gida na azurfa. Bai fi babban yatsa ba. A matsayina na mai auna abu da ido, na ce wannan ko maɓalli biyu ba zai fitar ba, ga shi ya tara gari guda.

Ƙofar Cocin Haihuwa gajera ce, dole babba ya sunkuya. A ciki muka yi layi sama da awa biyu kafin mu sauka kogon. Mutane daga kowace nahiya, ana matsi, ana tsaki, wasu namu har sun fara faɗa da wasu da suka nemi shiga gaba. Yaya ta jingina da ginshiƙi ta fito da rosari, ta ce, "Zo mu ja, layin nan ba zai tafi don mun harare shi ba." Muka fara a gaishe ki Maryamu, a hankali, taku ɗaya, tsayuwa, taku ɗaya. Ban san lokacin da kafaɗuna suka sauka ba. Tun rasuwar maigidana ban taɓa tsayawa awa biyu hannuna ba almakashi ba. Da muka isa tauraron azurfa mai tsini 14 da ke ƙasan bagadi, ko daƙiƙa biyar ban samu ba, na durƙusa na taɓa, aka ce in tashi. Yanzu in an ce Baitalami, layin nake tunawa, ba tauraron ba.

Abu biyu suka ba ni mamaki a garin. Kiristocinsa da Larabci suke addu'a, Allah suke cewa kamar mu. Sannan Kirsimeti sau uku ake yi a coci ɗaya: mu 25 ga Disamba, Otodoks 7 ga Janairu, Armeniyawa 19 ga Janairu, kowa da kalandarsa. Na tausaya wa telolin Baitalami.

Lahadi 1 ga Disamba muka hau Dutsen Zaitun. A gangarensa akwai wata 'yar coci mai siffar ɗigon hawaye, wurin da ake tuna kukan da Yesu ya yi wa Urushalima. Bayan bagadinta taga ce, ta cikinta kana ganin ganuwar birni da kubbar zinariya. Na zaci yau ma za a ɗauko wata rana daga wani wata. Sai ga Fada ya fito da shunayya. Ya ce, "Yau ba za mu yi tsalle ba. Lahadi ta farko ce a Adbent, sabuwar shekara. Abin da za a karanta a Kaduna da Pankshin da Roma shi za mu karanta." Aka karanta annabi Ishaya, inda al'ummai za su hau dutsen Ubangiji su mai da takubansu garmuna. Mutumin Kaduna da mutumin Filato ba sa bukatar a yi musu wa'azi a kan wannan. Sai Zabura ta 122, ta mai murna da aka ce masa a tafi gidan Ubangiji, ƙafafunsa suna tsaye a ƙofofin Urushalima. Ba wanda ya zaɓa mana ita, ita ce ta ranar.

Na duba agogo. Awa guda suka fi mu, wato a gida yanzu ake Mas na farko. Na ga cocinmu a idona, da zanen shunayyan da na ɗinka wanda gefensa na hagu ya ɗan koɗe, da kyandir ɗaya a kunne uku a kashe, da matar da ke rera Zabura tana jan baitin nan da nake ji. Hawaye suka zubo. Kwana huɗu ina taɓa duwatsun da Yesu ya taka ban yi kuka ba, sai ranar da muka daidaita taku da mutanen gida.

Ragowar yinin gudu ne. Getsamani da tsofaffin itatuwan zaitun. Ɗakin bene a Dutsen Sihiyona, wurin jibin ƙarshe kuma wurin saukar Ruhu Mai Tsarki, abu biyu da a coci kwana hamsin da 'yan kai ke tsakaninsu, mu minti goma sha biyar. A bangon ɗakin har yanzu akwai alƙiblar masallaci, don ya taɓa zama masallaci.

Litinin tun duhu bai washe ba muka fara Hanyar Gicciye. Ni a zatona hanya ce a daji. Ashe lungunan kasuwa ne, shaguna a rufe, kyanwoyi suna bin shara, wani mai burodi yana tura amalanke. Muka riƙa karɓa-karɓa da gicciyen katako, tasha bayan tasha, biyar na ƙarshe daga cikin 14 ɗin a cikin Cocin Kabari Mai Tsarki suke. Makullin cocin nan a hannun Musulmi yake tun ƙarnoni: gidan Judeh ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗe ƙofa. Ɗarikun Kirista da ke raba cocin kuwa kowa da sa'arsa da kusurwarsa, bisa wani tsari da sarkin Turkiyya ya tabbatar a 1852, har wani tsani da ke jingine a taga saman ƙofa ba mai ikon matsar da shi. Na ce ashe rikicin kwamitin coci ba a kanmu aka fara ba.

Daga shiga, a dama, matakala ce mai tsayi zuwa Golgota. Yaya ta ba ni sandarta ta hau da hannu da ƙafa. A sama mutum yana rarrafawa ƙarƙashin bagadi ya zura hannu cikin rami ya taɓa dutsen. Sanyi ƙalau. Muka sauko ta ɗaya matakalar, muka wuce dutsen shafe gawa inda mata ke goga gyale da mai ƙanshi, muka karya kwana, sai ga kabarin. Daga wurin mutuwa zuwa wurin tashi ko minti biyu ba a yi. Wasu namu tuni sun fara Halleluya ƙasa-ƙasa.

Ni ƙafata ta ƙi. Na sami wani benci na dutse na zauna. Yaya ta ce lafiya? Na ce, Yaya, ina Asabar? Ta gane. A gida ran Alhamis kafin Ista da dare ni ke tuɓe bagadi, in cire zane ɗaya bayan ɗaya har katako ya fito tsirara, a kashe fitila, ƙararrawa ta yi shiru. Juma'a ba a yin Mas. Asabar kuwa coci kango ce yini guda, ba abin da ake yi sai zama. Shekara da shekaru ina ɗaukar Asabar ɗin nan ranar guga ce, don a ranar nake shirya fararen zannuwa. A bencin nan na gane shekara biyu ke nan ina cikinta, kuma keken ɗinki nake takawa don kada in ji shirunta.

Yaya ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Tawa shekara bakwai ta yi. Ba a tura ta, ƙanwata. Amma kowace shekara in aka hura wutar nan ta daren Ista, sai in ji an ɗan rage mini." Muka bar ayarinmu suka shiga. Sai da layi ya kusa ƙarewa muka bi baya. Ɗaki ne ƙanƙane, mutum uku ko huɗu, da shimfiɗar marmara da kyandirori. Na ɗora goshina, na ambaci sunan maigidana. Wani sufi mai baƙar riga ya buga ƙofa da hannu, muka fito.

Da na dawo Kaduna kaya sun kai rufi, masu kaya kuma sun kai wuya. 'Yan coci suna ta "sannu da zuwa, JP", laƙabin wanda ya je ziyara Urushalima, ni kuwa abin da na fara yi shi ne na mayar wa mutum shida atamfarsu da haƙuri, abin da ban taɓa yi ba. Ƙarfe shida na yamma in tsai da keke, in kunna kyandir, in karanta karatun ranar. Ba kullum na iya ba. Lahadi ta uku, 15 ga Disamba, ranar da aka yarda a sassauta shunayya zuwa ruwan hoda, na shimfiɗa sabon zane da na ɗinka da yadin da na sayo a kasuwar Urushalima. Cocinmu ba ta taɓa mallakar wannan launi ba.

Azumin da ya biyo baya ba sai an koya wa kowa ba. A Janairun 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limamai da ke kan hanyar Abuja, uku suka dawo, Michael Nnadi mai shekara 18 gawarsa aka samu. Ran Larabar Toka, 26 ga Fabrairu, bishop-bishop suka ce a sa baƙaƙen kaya. Ni na tattara busasshen ganyen dabinon bara aka ƙona, aka shafa mana tokar a goshi. Kafin Lahadin Dabino cutar korona ta sa an kafa dokar zaman gida, an rufe coci da masallaci. Na ji a rediyo cewa ita ma ƙofar nan ta Urushalima mai makulli a hannun Musulmi an garƙame ta.

Daren Asabar 11 ga Afrilu ba Fada, ba coci. Na tuna yadda Baba yake yi in babur bai zo ba. Na sa jikokina suka tattaro kara da itace a tsakar gida, muka kashe kowace fitila muka zauna cikin duhu, har ƙaramar ta fara tambaya me muke jira. Na ce ki dai jira. Da dare ya yi nisa na ƙyasta ashana, wuta ta kama, na kunna kyandir ɗin da na sayo a bakin kabarin, kowa ya kunna nasa daga nawa. Na shimfiɗa farin zane a kan teburin yanka, ban ko goge shi ba. Sai waya ta yi ƙara. Yaya ce daga Pankshin, muryarta tana rawa, tana tambaya ko mun hura tamu.